Zuwa ga Babana a Jidda

Babana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ya aiki ya zafi. Kuɗin da ka turo sun shigo Bankak, asusun bankin waya na ƙanwarka, mun biya haya mun sayi ruwa, dan tun da dam ɗin Arba'at ya fashe a 2024 ruwa a Bor Sudan sai da kuɗi a hannu, jarka jarka daga masu kuran jaki. Allah ya ƙara buɗi. Na fara da wannan ne dan kar kace maganar kuɗi ce ta sa ni rubutu, ba ita bace, kuma kai ma ka sani.

Gwaggonka ta kira ni tana kuka. Tace ɗanta ya sauka daga jirgin ruwan Sawakin da daddare, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a biza, bai ɗauki waya ba, ya kira ka, kace masa ɗakinka ba masaukin baƙi bane. Ban yarda ba da farko, har faɗa na mata nace ɗana ba zai faɗi haka ba, sai da yaron da kansa ya turo min muryarka. Naji da kunnena Babana. Wani Bahaushe mai tsire ne, Musulmi, wanda bai san uwar yaron ba bai san ubansa ba, ya shimfiɗa masa tabarma a bayan shago har kafilin ya bayyana. Nasan abinda zaka ce, zaka ce doka ce, ƙasar ba'a wasa da ɓoye wanda bashi da igama, takardar izinin zama, akwai tara akwai ɗauri akwai tarhil, wato a kori mutum daga ƙasar. Nasan wannan. Amma yaron nan da bizarsa ya shigo, hatimi na kan fasfonsa ko bushewa bai yi ba, kuma ba doka naji ka ambata a muryar nan ba, naji kace kai ka gaji da 'yan uwa masu ɗora maka nauyi.

Wannan ɗaya kenan. Na biyu shi ya hana ni barci. Ance ka daina zuwa zumuntar Juma'a tun kafin Ista. Ba zan faɗi wuri ko suna a waya ba, ka san dalili. Ance dattijon da yake jagorantarku ya gyara maka wata magana a gaban mutane, kai kuma kace direban gida ne zai koya maka Littafi, kai da ka yi jami'a a Khartum kake aiki a lab ɗin asibiti. Haba Babana. Haba. Babanka da keken ɗinki ya ciyar da ku, wuyan riga da ƙafar wando ne suka biya kuɗin jami'ar nan da kake taƙama da ita, in direba bai isa ya buɗe maka Littafi ba toh tela ma bai isa ba kenan, sai ka faɗa min in sani.

Ka tuna hanyar da muka biyo lokacin da muka bar Haj Yusif, bayan yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Bas ɗin nan da ba iska, ƙanwarka na amai a leda, mun wuce Shandi muka nufi Atbara. Ka tuna tsohuwar da ta tsaya bakin titi da bokitin zoɓo mai sanyi tana miƙo mana kofi ta taga, hannunta na rawa zoɓon na zuba a gyalenta, bata tambayi ƙabilarmu ba bata tambayi addininmu ba, kuma da na ciro kuɗi har fushi tayi. Kai ka fara sha, kofi biyu ka sha ma. A ranar baka da lab baka da riyal, sai jaka ɗaya da takardunka a ciki. Wanda aka shayar da shi haka ta taga bai kamata ya rufe wa ɗan gwaggonsa ƙofa ba.

A wannan hanyar dai, gaba da Shandi kaɗan, ka nuna wa ƙanwarka dalolin Bajarawiya, kaburburan sarakunan da, ta hannun dama, kai ne ma ka tuna mata abinda fasto ya koyar, cewa nan ce ƙasar Kandake, sarauniyar da ma'ajinta yake cikin Ayyukan Manzanni sura 8. Toh sake karanta wurin. Mutumin nan duk dukiyar sarauniya a hannunsa take, yana cikin karusa yana karanta annabi Ishaya, ga Filibus a ƙasa da ƙura a ƙafa ya tambaye shi ko yana gane abinda yake karantawa. Da kai ne da ka ce wa mai tuƙi ya ƙara gudu. Shi kuwa cewa yayi ina zan gane in ba wanda ya fahimtar dani, ya jawo shi sama suka zauna tare, kafin rana ta faɗi an masa baftisma ya tafi yana murna. Mutumin ƙasar da aka haife ka ne fa. Akwai wani kuma a wasiƙar Yohanna ta uku, Diyotarifis, shi son zama na gaba ne ya cinye shi, baya karɓar 'yan uwa baƙi, masu son karɓarsu ma yana hana su. Da na karanta wurin shekaranjiya sai da na rufe Littafin, dan abu biyun da aka faɗa min a kanka duk suna jikin mutum ɗaya.

Bari in faɗa maka abinda nake tsoro, dan ba mutuncina a idon gwaggonka nake kuka a kai ba, wannan ya daɗe da zubewa kuma ban mutu ba. Tsorona kar ka zama mutumin da bashi da kowa. Inda kake ba coci ko ɗaya, ba ƙararrawa, ba zumuntar mata da zasu zo su buga maka ƙofa suce bamu ganka ba Lahadi. 'Yan mutanen nan da kuke haɗuwa a ɗaki kuna rera waƙa ƙasa ƙasa labule a sake, su kenan ikkilisiyarka, babu wata a gaba in ka bar wannan. A Najeriya in mutum yayi fushi da fasto sai ya tsallaka titi ya shiga wata, kai ina zaka tsallaka? In zazzaɓi ya kada ka a ɗakin nan da kake hana mutane shiga, wa zai san baka fito ba? Esi na ta ƙara, ƙofa a kulle, wayarka na ringin a kan gado. In kafili ya juya maka baya gobe, in aka ce an ba 'yan ƙasa aikinku kamar yadda ake ta yi wa wasu, in aka kai ka Shumaisi inda ake tsare waɗanda za'a kora daga ƙasar, wa zai kawo maka ko riga? Direban nan ne zai zo, na san irinsu, shi zai ɗauki motar maigidansa ya zagaya asibitoci yana nemanka. Ina kwana ina ganin wannan ɗakin Babana, ban taɓa shigarsa ba amma na san inda gadon yake. Na binne babanka ba ɗan uwa ko ɗaya daga gida a bakin kabari, ikkilisiya ce ta ɗauke shi, bazan iya jin an kira ni daga ƙetaren teku ance an fasa ƙofa an same ka ba. Kuma ko jikinka lafiya lau, zuciyar da ta daina jin gyara sanyi take yi a hankali, yau ka bar zumunta gobe ka bar addu'ar safe, jibi in na ce maka Ubangiji kace Mama bar wannan maganar. Wannan ya fi min mutuwar ciwo.

Nasan kana ganin kamar mun maida ka saniyar tatsa. Kowa ya kira ka buƙata ce, ba mai tambayar ko ka ci abinci, riyal ɗin ma ba kamar yadda mutanen nan suke zato bane bayan haya da kuɗin igama. Ina ji maka. Amma kar ka manta ba ni na turo ka Jidda dan in huta ba, 'yan kunnen aurena da keken babanka na sayar aka yi bizar nan, kuma da za'a sake sai in sake, dan barinka a nan lokacin da ake kwashe samari ba abu bane da uwa zata yi. Ban taɓa maka gori ba, yanzu ma ba gori nake ba. In nauyi ya maka yawa kace Mama wannan watan bazan iya ba, zamu ci wake da kisra mu gode Allah, mun ci a takiyya, inda ake dafa abincin sadaka, tare da kowa da kwano a hannu kuma ba abinda ya ragu a jikinmu. Abinda ban yarda da shi ba shine ka mai da gajiya ta zama raini. Girman kai rawanin tsiya ne, kakarka ce take faɗa wa babanka, shi ma yana da nasa, daga can ka ɗauko ba daga wurina ba.

Kai yaron kirki ne, ni na haife ka na sani. Kai ne kake ɗaukar kujerun coci kana ɗan shekara goma ba wanda ya sa ka. Ba nace ka tashi a gaban mutane kayi dogon jawabi ba. Juma'ar nan ka je da wuri kafin kowa, ka gaishe da dattijon nan ka ce Baba na zo, in shara ce ka ɗauki tsintsiya, in shayi ne ka zuba, ka zauna a baya. Ko da shi ne yayi kuskure a ayar, bar shi, ba ranar gardama bace. Ubangijinka da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafar mutanen da ya san zasu gudu su bar shi a daren. Sannan ka kira ɗan gwaggonka ka ɗauke shi ku ci abinci, ka je ka yi wa mai tsiren nan godiya da bakinka, ka riƙe masa ko turare ne.

Ƙanwarka na gaishe ka, tana ta maganar komawa Khartum tun da sojoji suka karɓe ta a Maris 2025, ni dai nace sai an samu wanda ya je ya duba mana gidan tukuna. Ƙafar tawa da sauƙi. Kar ka amsa min da rubutu, ka kira ni ran Asabar da yamma in ka tashi, ina so in ji yadda Juma'ar ta kasance.

Mamarka