Wasiƙar Godiya ga Sashen Waƙa da Zane na Makarantarmu

Zuwa ga Shugabar Makaranta da malaman Sashen Waƙa da Zane,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na ga ya dace wannan wasiƙa ta fita fili kowa ya karanta, domin da yawa cikinmu iyaye muna duba makin lissafi da na kimiyya a takardar sakamako, mu tsallake layinku kamar babu shi. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

Babban abin da nake gode muku a kai shi ne kun riƙe waƙa da zane a matsayin darasi na kowane yaro, daga aji ɗaya har aji shida, da lokacinsa a jadawali. A makarantu da dama, har da na Kirista, ba a tunawa da waƙa sai Kirsimeti ya matso ko manyan baƙi za su zo. Sai a tsamo 'yan yara masu zaƙin murya, a haddace musu waƙa biyu, sauran a ce su zauna su tafa. Yaron da aka ce wa "kai rage murya, kana ɓata mana" yana ɗan shekara bakwai, shi ne babban mutumin da za ka gani a majami'a riƙe da littafin waƙoƙi, leɓe na motsi amma ba a jin komai. A ɗakinku ban taɓa jin an sa yaro ya yi shiru ba. Wanda muryarsa ke kauce hanya, Malama takan zaunar da shi tsakanin biyu da suka iya, ta rage masa sautin zuwa biyu kacal, "so" da "mi" na cikin do-re-mi, har kunnensa ya kama.

Ranar da aka buɗe wa iyaye azuzuwa na zauna a bayan aji uku. Malama ba ta taɓa piyano ba, ba ta kuma rera komai ba. Ta dunƙule hannu a daidai cibiya, yara suka ce "do". Ta shimfiɗa tafin hannu yana kallon ƙasa, suka hau "mi". Ta juya tafin yana kallon fuskarta, suka ce "so". Da ta nuna sama da ɗan yatsa suka riƙe "ti", ta ƙi sakinsu, suna ta murmushi domin kunnensu na neman komawa "do" ta sama. Daga nan ta raba ajin biyu, hannun dama na jan rukuni ɗaya, na hagu na jan ɗayan, sai ga muryoyi biyu suna tafiya tare ba wanda ya bi wani. Yara 'yan shekara takwas ke nan.

Bayan darasin ta yi mana bayanin asalin wannan hanya, abin da ya ƙara mini sonta, domin a cikin ikkilisiya aka haife ta. Wani ɗan zuhudu na Italiya, Guido na Arezzo, shi ne a ƙarni na 11 ya ciro gaɓoɓi shida, asalin do-re-mi, daga wata waƙar sujada don yaran da yake koyarwa su riƙa karanta waƙa maimakon haddacewa da ka. A Ingila kuma wata mata, Sarah Glover, ta sauƙaƙa tsarin saboda yaran Makarantar Lahadi, sannan wani fasto, John Curwen, ya ɗauke shi daga 1841 ya yaɗa, har ya ƙara masa alamun hannun nan. Daga baya wani masanin kiɗa, Zoltán Kodály, ya sa aka shigar da su makarantun ƙasar Hangari. Duk waɗannan mutane abu ɗaya suka nema: yaro, ko ba kayan kiɗa, ya ɗauki takarda ya rera abin da ke ciki. Wannan gadon kuke riƙe da shi, kuma kun riƙe shi da kyau.

Na lura ma ba ku bari yara su yi ihu da sunan waƙa. Akwai masu ganin in ba a tsage maƙogwaro ba, ba a yabi Allah ba. Ku kuna koya musu su tsaya daidai, su ja numfashi har ciki, su saurari na kusa da su. A waƙar da rukuni ɗaya ke farawa, na biyu ya shigo bayan layi ɗaya, dole yaro ya riƙe nasa yana kuma jin na wani. Ni dai ban san wani darasin da ke koyar da wannan a fili haka ba.

Batun sarewa kuwa, sai dai mu iyaye mu ce Allah ya ba mu haƙuri a makonnin farko. Amma umarnin Malam gajere ne: hannun hagu a sama, babban yatsa ya toshe ramin baya, a hura a hankali. Sauti uku kawai ya ba su na tsawon zango guda, ya hana su gaba sai waɗannan sun fita tsaf. Yanzu a addu'ar safe ta gida ɗiyata ce ke ba mu sautin farawa.

A ɗakin zane abin da ya burge ni shi ne rowar da Malama ke yi da launi. Uku take ba su, ja da shuɗi da rawaya, sai fari da baƙi in an matsa. Mai son kore sai ya haɗa shuɗi da rawaya da kansa, mai son shunayya ya haɗa ja da shuɗi, ya ga yadda ɗigo ɗaya ke sauya komai. Ba ta raba hoton da aka riga aka zana a ce su cika da fenti. Na ga ta ajiye ganye ɗaya a gaban kowane yaro, ta ce kada wanda ya taɓa fensir sai ya ƙirga jijiyoyinsa, ya duba gefensa ko santsi ne ko zarto. Da aka manna zanen a bango babu biyu da suka yi kama, kuma an manna na kowa, har da wanda ya jiƙa takardarsa ta huje. Wani yaro ya ce shi bai iya zane ba, ta ce masa, "Ba zane na ce ka yi ba tukuna, kallo na ce." Almakashi, yumɓu da saƙar takarda duk suna nan, kuma mai yaro a aji ɗaya ya san yadda suke ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami.

Na san akwai iyayen da suka nemi a mayar da lokacinku na shirin jarrabawa ga 'yan aji shida. Damuwarsu gaskiya ce, ba na raina ta. Amma ina gode wa Shugaba da ta saurare su cikin ladabi, ta ƙara darasin yamma, ta bar naku yadda yake. Makarantar da ke karantar da Littafi Mai Tsarki ba za ta ɗauki waɗannan abubuwa a matsayin wasa ba. Zabura 150 ɗin nan waƙoƙi ne. A Fitowa sura 31, Bezalel da aka cika da Ruhun Allah aikinsa sassaƙa ne da ƙira da gyaran duwatsu masu daraja. A 1 Tarihi sura 25 an lissafta horarrun mawaƙa 288 na Haikali, kuma da aka zo rabon aiki, kuri'a ɗaya aka jefa wa babba da ƙarami, malami da ɗalibi.

Godiyata ba ta tsaya kan masu koyarwa ba. Baba mai kula da ɗakin, wanda ke wanke burushi da sarewu yana shanya su bayan an tashi, da ma'aikaciyar ofis da ke rubuta sunan kowane yaro a jikin sarewarsa don kada a yi musaya, ku ma mun ga aikinku.

Roƙo ɗaya nake da shi. Ku buga mana alamun hannun nan a takarda ɗaya, ku ba yara su kawo gida, domin wasunmu muna so mu koya. Mu iyayen aji huɗu kuma mun yi shawara, mu za mu ɗauki nauyin jera kujeru da rataye zane a bikin ƙarshen zango. Sai ku sanar da mu rana da lokaci ta ofishin makaranta.

Ubangiji ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfi da haƙuri.

Taku cikin Almasihu,
Mahaifiyar wata ɗaliba a aji huɗu