Kafin Ki Kai Littafinki Maɗaba'a

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Babi ukun da kika turo sun iso, na kuma karanta su har sau biyu. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai cewar da kika yi nan da wata ɗaya za ki fitar da littafin, ita ta sa na ɗauki biro.

Ki ajiye rubutun nan tukuna, ki yi mako huɗu ko shida ba ki buɗe shi ba. Idan kika koma kansa, ki karanta da murya, ke kaɗai a ɗaki. Duk inda numfashinki ya yanke jimla ba ta ƙare ba, ta yi tsawo. Inda harshenki ya harɗe, na mai karatu ma zai harɗe.

A shafi na 2 kin ce yarinyar ta yi baƙin ciki matuƙa, ni kuwa ban ji komai ba. Amma a shafi na 9, inda take ninke rigar mahaifiyarta, ta warware, ta sake ninkewa, sai da na cire tabarau na share ido. Ko sau ɗaya ba ki ambaci baƙin ciki a wurin ba. Irin wannan za ki yawaita. Shafuka biyun farko kuma duk share fage ne. Labarinki ya fara ne daga inda aka ƙwanƙwasa ƙofa, to daga nan za ki fara. Ki kula da haruffa masu ƙugiya, don ƙasa daban, kasa daban. Sannan ki nemi mai gyara wanda ba ya jin nauyinki. Ni so ya rufe mini ido.

Idan an zo bugu, ki samo lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake gane shi da ita a ko'ina a duniya. Tun 2007 lambobi 13 ce, kuma bugun takarda da na karantawa a waya kowanne da tasa. Haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, haka tsarin yake a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta. Da sa hannu ake rasa shi. Kada ki rattaba hannu a kan yarjejeniya da masu buga littafi sai kin ga shekara nawa aka rubuta, da kasonki, da wanda zai riƙe haƙƙin fassara da na fim.

Talla kuwa tun littafi bai fito ba ake fara ta. Ki riƙa sakin ɗan gutsure a Facebook da WhatsApp, ki tsaya daidai inda mutum zai ce "sai me ya faru?" Kada ki tura wa kowa cikakken littafin a waya, ko da aminiya ce, in ya fita hannu, ya fita ke nan. Kada kuma ki ishi mutane da "ku sayi littafina" safe da yamma. Ki ba su labarin yadda kika rubuta shi, ki amsa wa duk wanda ya yi miki magana, ki adana sunayen masu tambayar ranar fitowa. Bangon ma ki duba shi a ƙaramin hoto a wayarki: in sunan littafin bai karantu ba, a sake.

Idan makonnin nan sun cika, ki gyara babin farko ki turo mini. Mahaifiyarki na gaishe ki, ita ma tana jiran ta ji wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.