Kafin a ci bashi don karatun hulɗar ƙasa da ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da ƙannenmu masu haramar yin digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa. Ni ma fannin na karanta, na kuma daɗe ina aiki da wata ƙungiyar agaji inda nakan zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Saboda haka duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara rabon gurabe, wayata ba ta hutawa. Wannan ya samu a Landan, waccan ta samu a Washinton, kuma kowa tambayarsa ɗaya: Yaya, wacce ta fi suna? Da wuya ka ji wanda ya fara da tambayar wa zai biya, ko wane aiki yake hange idan an gama. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wannan digiri ba ya mayar da mutum jakada. Likita da lauya suna da takardar da doka ta ce sai da ita za a yi aikin, mu kuwa ba mu da irinta. Aikin diflomasiyya ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasarka ake shiga, bisa tsarin ɗaukar aikin gwamnati, kuma a can za ka tarar da wanda ya karanta tarihi ko shari'a ko harsuna a kujera kusa da taka. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, wadda rabin masu kirana ita suke mafarki, ga yadda take: muƙamin P-2, wato ƙaramin matakin ƙwararrun ma'aikatanta, yakan nemi digiri na biyu da ƙwarewar aiki ta shekara 2, P-3 da ke samansa kuma shekara 5, sannan tallace-tallacen aikin da yawa suna cewa digirin farko tare da ƙarin shekara 2 na aiki zai iya tsayawa a madadin na biyu. Jarrabawar YPP, wato ta shirinta na ɗaukar matasa aiki, kuwa digirin farko kawai take buƙata, sai dai kada mutum ya wuce shekara 32, kuma sai idan ƙasarsa tana cikin jerin ƙasashen da aka buɗe wa a wannan shekarar. To ka ga digirin yana da amfani, amma shi kaɗai bai isa ya buɗe ƙofa ba.

Abin da zan so mai nema ya fara yi shi ne ya nemo tallan aiki guda biyar ko shida irin wanda yake so ya riƙe nan da 'yan shekaru, ya karanta sharuɗɗansu da biro a hannu. Abin da ya ga yana ta maimaituwa, shi zai je ya nema a jerin kwasa-kwasan makaranta. Domin karatun nan kashi biyu ne, ko da yake sunayen da ke kan takardar shaida sukan yi kama da juna. Akwai na nazari, wanda asalinsa ke komawa ga kujerar farfesa ta farko a fannin da aka kafa a jami'ar Aberystwyth ta yankin Wales a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin a gano abin da ke haddasa yaƙi. A irinsa za ka sha karatun ra'ayoyin masana, ka rubuta kundin bincike, kuma hanya ce mai kyau ga wanda ya nufi digirin digirgir da koyarwa. Akwai kuma na koyon sana'a, irin na makarantar Fletcher da ke jami'ar Tufts, da SAIS ta Johns Hopkins, da SIPA ta Columbia, duk a Amurka, inda ake tilasta wa ɗalibi tattalin arziki da ƙididdiga da rubuta gajeren bayani ga mai yanke shawara. Wanda ke son aikin ofis ya faɗa na farko zai fito yana iya muhawara kan dalilin faɗuwar dauloli, amma a ba shi kasafin kuɗin aikin shekara ɗaya ya rasa ta ina zai kama.

Na ga wannan da idona. A wurinmu, bayan an tace takardu, mukan zaunar da waɗanda suka rage a gaban kwamfuta, mu miƙa musu rahoto mai kauri da teburin alƙaluma, mu ce kafin awa ɗaya a fito mana da shafi biyu wanda shugaba zai karanta a mota kan hanyarsa ta zuwa taro. A nan ake rabuwa. Wani mai takardar babbar jami'a zai cinye shafi guda a gabatarwa, yana jero sunayen masana. Wata kuma da ta yi karatu a makarantar da ba kowa ya san ta ba za ta fara da cewa ga matsalar, ga mutanen da ta shafa, ga zaɓi biyu da kuɗin kowanne, ga wanda nake ba da shawara a ɗauka. Idan kuma aka juya hira zuwa Faransanci ta amsa ba gargada, magana ta ƙare. Sunan makaranta yakan taimaka takarda ta tsallake tacewar farko, ban musa ba. Daga nan ba ya sake yi wa kowa aiki.

Batun harshe ya cancanci a dakata a kansa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da harsunan hukuma 6, amma Ingilishi da Faransanci su ne na aikin yau da kullum a sakatariyarta. Wanda ya haɗa biyun, ko ya haɗa ɗaya da Larabci, ya tsere wa dubban masu mastas. Shekara guda ta koyon harshe da gaske ba ta kai ko kusa da kuɗin zangon karatu ɗaya a Amurka ba, amma 'yan kaɗan ne ke yi, saboda ba a yin bikin yaye ɗalibai da doguwar riga a kansa.

Garin da makaranta take ma abin dubawa ne, domin yawancin ayyukan farko ta hanyar horon sanin makamar aiki ake samunsu. Cibiyar nazarin ƙasa da ƙasa ta Geneva a Suwizalan, wadda aka kafa a 1927, tana maƙwabtaka da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Ƙwadago da Hukumar 'Yan Gudun Hijira da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Kuɗin makarantarta bai kusanci na Amurka ba, sai dai hayar ɗaki a garin tana iya cinye rarar. Washinton tana da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Nairobi tana da hedikwatar hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Addis Ababa kuma tana da Tarayyar Afirka. A dai sani cewa irin wannan horo sau da yawa ba a biya, ko a biya abin da bai taka kara ya karya ba, don haka shi ma a sa shi cikin lissafi.

Yanzu ga kuɗin. Idan wasiƙar samun gurbi ta zo, sakin layi na farko taya murna ne, kuma a nan yawancin mutane ke tsayawa su fara kiran 'yan'uwa. A daure a karanta zuwa ƙasa. A manyan makarantun Amurka da na ambata kuɗin karatu kawai ya haura dala 50,000 a shekara, kuma shekara biyu ake yi. Idan wasiƙa ta ce an ba ka tallafin dala 20,000, rangwame aka yi maka. Sauran yana wuyanka, ga masauki da inshorar lafiya da abinci da tikitin jirgi. A tambaya a rubuce: tallafin na shekara ɗaya ne ko na biyun? Sai da wane maki za a sabunta shi? Kuɗin kafin alƙalami ana mayarwa idan ba a samu biza ba? Kuma babu kunya a rubuta musu cikin ladabi cewa wata makaranta ta ba ni kaza, ko za ku iya ƙarawa? Wani lokaci sukan ƙara. A Birtaniya shekara ɗaya ake yi, wanda ya rage nauyin sosai, ko da yake kuɗin ɗalibin waje a manyan jami'o'in Landan ya wuce fam 25,000. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, ban da wurare irin jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, amma kafin biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda a asusu na musamman, sama da yuro 11,000.

Sai masu ba da rance ba tare da jingina ba, waɗanda tallansu ke bin ɗalibi tun ranar da ya samu gurbi. Ban da abin da addini ya faɗa kan kuɗin ruwa, wanda kowa ya sani, a ɗauki alƙalami kawai. A ce mutum ya ranci dala 80,000 da ruwan kashi 12 cikin ɗari, zai biya cikin shekara 10. Duk wata zai riƙa fitar da kusan dala 1,150, kuma kafin ya gama ya biya wajen dala 138,000. Da dala za a biya, ko da albashinsa da wani kuɗin ake ba shi, kuma idan kuɗin ƙasarsa ya faɗi bashin ya ƙaru yana zaune. Wanda ya karanta harkar banki ko injiniya yana iya samun aikin da zai ɗauki wannan nauyi. Aikin farko a ƙungiyar agaji ko cibiyar bincike, wanda galibi kwantiragin wata shida ne ko shekara, ba zai ɗauka ba. Yawancin shawarwarin da ake karantawa masu cewa a ci bashin ba komai, ga Amurkawa aka rubuta su, waɗanda gwamnatinsu ke yafe wa ragowar rance bayan shekara 10 na aikin gwamnati ko na ƙungiyoyin sa-kai. Ɗalibin waje ba ya samun rancen gwamnatin tun farko, balle yafiyar. Ga kuma abin da ya faru a 2025, lokacin da Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da dama suka rage ma'aikata, ƙwararru masu shekaru a bakin aiki suka dawo layin nema tare da sabbin shiga. A irin wannan kasuwa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kada kuma a dogara da cewa za a yi aiki ana karatu a biya. Birtaniya awa 20 a mako ta yarje wa ɗalibi lokacin zango, Amurka ma haka, kuma a cikin harabar jami'a. Wannan zai sayi abinci, ba zai biya makaranta ba. Tun daga Janairun 2024 yawancin masu mastas na darussan aji, wanda ba na bincike ba, a Birtaniya ba sa iya tafiya da iyalinsu, abin da magidanta ya kamata su sani tun kafin su biya kuɗin fom.

Hanyar da nake nuna wa kowa ita ce ta cikakken tallafi, kuma abin da take buƙata shi ne haƙuri. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan makaranta da jirgi da kuɗin zama, amma sai mutum ya yi aikin aƙalla shekara 2, wato awa 2,800, ya kuma yarda zai koma ƙasarsa na shekara 2 bayan kammalawa. Wajen watan Agusta ake buɗewa, a rufe bayan 'yan watanni, karatun kuma sai shekarar da ke biye. Tallafin zaman lafiya na Rotary, wanda ke kai mutane jami'o'i irin su Bradford da Uppsala, shekara 3 na aiki yake nema. Haka ma na haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya. Akwai Fulbright ta Amurka, da Commonwealth, da shirin Helmut Schmidt na hukumar DAAD ta Jamus kan tsara manufofi da shugabanci nagari, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai inda ake karatu a ƙasashe aƙalla biyu da alawus na yuro 1,400 a wata, da Schwarzman a jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin. Makarantar harkokin jama'a da na ƙasa da ƙasa ta Princeton kuwa duk wanda ta ɗauka tana biya masa kuɗin karatu, sai dai gurabenta kaɗan ne ƙwarai. Lura da yadda da yawansu ke tambayar me ka yi bayan digirin farko. Saboda haka wanda ya gama jami'a bana ya nemi aiki tukuna, ko da a ƙaramar ƙungiya ne, ya koyi rubuta rahoto da riƙe kasafi. Shekara biyu ko uku a haka za su ba shi abin rubutawa a takardar nema, kuma mai yiwuwa su nuna masa cewa abin da yake buƙata tattalin arziki ne ko shari'ar ƙasa da ƙasa ko lafiyar al'umma, ba wannan fanni ba sam. Duk waɗannan tallafin da kanka za ka nema, babu buƙatar dillali. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka, ka riƙe aljihunka.

Wanda bai dace ba bana ya sake nema baɗi, da yawa a karo na biyu ko na uku suke samu. Wanda kuma ke da aiki a hannu yana buƙatar takardar don ƙarin girma kawai, jami'ar da ke kusa da shi ta wadatar, ya yi karatunsa yana karɓar albashinsa. Mai burin zama malamin jami'a ya duba digirin digirgir kai-tsaye, domin manyan jami'o'in Amurka sukan ɗauke wa ɗalibinsa kuɗin makaranta su kuma ba shi alawus, wanda ba sa yi wa mai mastas.

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan gurbi tun daga watan Yuli kuna buga ranakun buɗewa da rufewar waɗannan tallafin tare da sharuɗɗansu. Yawancin waɗanda ke kirana a watan Maris da wasiƙar gurbi a hannu, lokacin neman kuɗin ya wuce su da wata huɗu ko biyar ba su sani ba. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani ma'aikacin agaji, mai karanta jaridarku a kullum