Nine Inch Nails Ba Su Yi Sanyi Ba, Ku Ne Ba Ku Saurara Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da mai gabatar da shirinku na kiɗan ƙasashen waje ya yi daren Asabar ta tsaya mini a rai. Wai Nine Inch Nails, ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka, sun tsufa, wai faifansu na 2013, Hesitation Marks, lami ne, ba gishiri ba yaji. Haba malam! Ko minti ɗaya waƙar ba ta yi ba ya katse ta ya yanke hukunci.

Shekara goma sha ɗaya na yi a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. A can wani abokin aikina ya ara mini kaset ɗin faifansu The Downward Spiral na 1994, na ji kamar a zauren injunanmu aka ɗauke shi, ƙarfe na dukan ƙarfe, mutum na ihu a tsakiya. Har yau ban mayar masa ba, Allah ya yafe mini. To amma duk wanda ya kwana cikin injuna ya san ba rugugin ne abin tsoro ba, kunne yana sabawa da shi cikin mako guda. Abin da ke tayar maka da hankali shi ne ɗan sautin nan da ke sauyawa a ƙarƙashi, wanda ke gaya maka bel na shirin tsinkewa. Irin wannan sautin Trent Reznor, jagoran ƙungiyar, ya bi a Hesitation Marks. Ya rage jita, ya bar ganguna na na'ura suna bugawa a bushe, muryarsa wani wurin kamar raɗa. Ku sa abin ji a kunnuwa biyu da dare, ku ji yadda Pino Palladino, mai kaɗa jitar bass, ke jan kiɗan daga ƙasa, sannan ku zo mu yi magana. Lasifikar waya ba za ta nuna muku komai ba.

Kuma me ake so Reznor ya yi? Yana da shekara 28 ya yi faifan 1994, ƙwaya da giya na neman halaka shi. Ya rabu da su a 2001. A 2013 shekararsa 48, da mata da yara, ya riga ya karɓi kyautar Oscar a 2011 tare da abokin aikinsa Atticus Ross a kan kiɗan fim. Ya dawo yana birgima yana kururuwa kamar da, don mai gabatar da shirinku ya ji daɗi? Da ya yi haka ni ne zan fara cewa ƙarya yake yi.

Na yarda akwai waƙa ɗaya a cikin Hesitation Marks, Everything, da ni ma tsallake ta nake yi, ta cika zaƙi. Ɗaya ce cikin goma sha huɗu. In hayaniya mai gabatar da shirin yake nema, ga faifansu Bad Witch na 2018 nan, rabin awa ne kacal, Reznor har saksofon ya busa a ciki. Bai ko ambace shi ba.

Sai kuma tallan mai maganin basir ɗin nan da kuke jefowa a tsakiyar waƙa, sau uku a shiri ɗaya, da ƙarar da ta ninka ta shirin. Ranar Asabar sai da ya tayar mini da jikata daga barci. Don Allah ku rage masa murya, ko ku bari waƙa ta ƙare tukuna.

Naku,
Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri, Kaduna