Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Sauke Bashin Mai Hidimar Masallacinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa masu salla a wannan masallaci, iyayenmu mata, da iyayen ɗaliban Islamiyya, kwamitin masallaci ne ke magana da ku, kuma maganar ba ta jira. Bawan Allahn nan da ya yi shekara da shekaru yana buɗe mana ƙofa tun kafin assalatu, yana share haraba, yana cika butoci, Allah Ya karɓi abinsa bayan doguwar jinya. Mun yi masa salla, mun kai shi makwancinsa. Sai dai ya tafi da bashi a wuyansa, bashin jinya, kuma har yau ba a biya ba.

Ba sai mun kama suna ba, kowa ya san wanda muke nufi. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan hidimar masallaci ba. Da kwamiti ya yanka masa ɗan alawus, cewa ya yi a sayi tabarmi da shi, sahun baya a ƙasa suke salla. In an yi rasuwa, shi ne na farko wajen wanka da haƙar kabari. In an tashi Islamiyya, yana tsaye bakin titi har sai yaro na ƙarshe ya tsallaka. A gida kuwa ya haɗa 'ya'yansa da marayun ƙanensa ya riƙe, baƙo ba zai iya bambance ɗan cikinsa da ɗan riƙo ba.

Hawan jini ne ya daɗe yana cinsa a ɓoye har ya taɓa masa ƙoda. Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ba, da wuya ya gane irin cin da take yi wa gida. Idan ƙoda ta gaza, sai a koma wankin ƙoda da na'ura, yawanci sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4, kuma kowane zama da kuɗinsa, ban da gwaje-gwaje da allurar ƙarin jini da kuɗin mota. Na'urar ba warkarwa take yi ba, aikin ƙodar kawai take riƙewa, ranar da aka tsallake wanki sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi nauyi. Haka aka yi ta yi. Keken ɗinkin mai ɗakinsa ya tafi, ɗan filin da ya tanadar wa yara ya bi baya, babban ɗansa ya ajiye karatu ya zauna jinya. Da abin sayarwa ya ƙare aka shiga rance. Shi kuwa, ko a kan gadon asibiti, wanda duk ya je dubiya abin da yake fara tambaya shi ne wa ke buɗe masallaci yanzu.

Ku je gidan ku gani da idonku. Uwar yaran tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10, ba ta da halin fita nema. An koro ƙananan daga makaranta saboda kuɗin zango. Masu bin bashi, mutanen kirki ne, su ma da wahalarsu suka ba da, suna zuwa ƙofar gida su yi sallama su tsaya, kunya ta hana su tambaya, buƙata ta hana su tafiya.

Bashin mamaci ba ƙaramin abu ba ne a addininmu. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. A cikin Bukhari kuma, an kawo wa Annabi (SAW) gawar mutumin da ake bi dinari 3 bai bar abin biya ba, sai ya ce wa sahabbai su yi wa ɗan'uwansu salla, shi bai yi ba har sai da Abu Ƙatada ya ce bashin ya dawo kansa. Abu Ƙatadan wannan jama'a muke nema yau.

Wajibi ne mu yi godiya ga waɗanda suka tsaya tun yana raye. Iyayenmu mata na ajin dare, waɗanda yawancinsu ba su da wata sana'a mai ƙarfi, su suka fi kowa juriya: duk mako sai ɗan ƙullinsu ya iso, ba tare da an tuna musu ba. Matasan da suka riƙa kai shi asibiti suna dawo da shi a kan abin hawansu, ko kuɗin mai ba su taɓa karɓa ba. Akwai kuma wani bawan Allah da ya biya kuɗin wanki ba sau ɗaya ba, ya haɗa mu da Allah kada mu faɗi sunansa. Allah Ya san ku, Ya saka muku da mafificin alheri.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma za mu faɗe ta cikin ladabi. Lokacin da aka zagaya da takarda yana kwance, sunaye sun cika shafi, abin da ya shigo hannun ma'aji bai kai rabin alkawarin ba. Ranar jana'iza sahu ya fita har waje, kowa na cewa an yi rashi, wasu da hawaye. Alhazanmu, 'yan kasuwarmu, ma'aikatanmu, ba mu ce kun ƙi ba, mun san hidima ta yi wa kowa yawa, ƙila mantuwa ce. To ga tuni. Ba ɗaya daga cikinmu da bai yi alwala da ruwan da ya ɗebo ba. Matar nan da ke share masallacin Annabi (SAW), da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, sai da ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Haka ya girmama mai shara. Mu namu mai sharar, za mu bar shi rataye da bashi?

Abin da ya samu, bashi za a fara biya. Sai kuɗin makarantar yara, har da babban, in Allah Ya yarda ya koma karatunsa. In an samu rara, za a gyara famfon wurin alwala da ya lalace tun kwanciyarsa, ladan ya je gare shi, kamar yadda Sa'adu bin Ubada ya haƙa wa mahaifiyarsa rijiya bayan rasuwarta. Mai zakka ya tuntuɓi liman, domin iyalin nan suna cikin mabuƙatan da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata.

A kawo wa ma'aji ko liman bayan kowace salla, mata kuma su ba malamar ajin dare. Kada kowa ya raina abin hannunsa. Wanda ke bin marigayi bashi kuma bai sanar da mu ba, don Allah ya zo a rubuta kafin Juma'a mai zuwa. Wanda kuma ya ga zai iya yafe nasa, ya faɗa wa liman a soke.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya raya abin da ya bari.

Kwamitin Masallaci da Islamiyya