Wasiƙar Godiya ga Injiniyoyin da Suka Auna Yanayinmu Kafin Su Kafa Mana Na'ura

Zuwa ga Manaja da dukkan ma'aikatan kamfanin da ya yi aikin sanyaya ɗakin karatunmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuta wannan wasiƙa ne a madadin kwamitin da ke kula da ɗakin karatunmu, kuma na zaɓi in fitar da ita fili maimakon in aiko muku da ita a cikin ambulan, domin yabon gwani ya zama dole, kuma domin na san akwai masu gine-gine da yawa da ke dab da yin kuskuren da muka yi. Yau shekara guda ke nan cif da kammala aikin. Da gangan muka yi wannan jinkiri, saboda Babban Injiniyanku da bakinsa ya ce kada mu yanke wa aikin hukunci sai bazara da damina da hunturu sun bi ta kansa, tunda na'urar da ta burge mutum a wannan wata tana iya ba shi kunya a wata mai zuwa. To, dukkansu sun zo sun wuce, kuma ga abin da muka gani.

Kafin zuwanku, wani mai sayar da kaya, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya jera mana manyan na'urorin sanyaya ɗaki guda shida a zauren karatu, bisa ƙa'idarsa ta cewa gwargwadon girman na'ura gwargwadon sanyinta. A tsakiyar bazara, daidai tsakanin azahar da la'asar lokacin da aka fi bukatarsu, sai su riƙa kashe kansu ɗaya bayan ɗaya. Da damina ta faɗi kuma sai lamarin ya canza salo: zauren ya yi sanyi kamar cikin firji, amma jikin mutum yana danƙo, takarda ta yi laushi a hannu, sashen tsofaffin littattafai kuma yana tashin warin fumfuna. Ba na mantawa da ranar da na zaro wani kundin jaridu da aka ɗinke wuri ɗaya, na tarar bangonsa ya kumbura, gefen shafukansa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Da wannan damuwa muka kira ku, kuma niyyarmu a lokacin ita ce mu ƙara na'urori biyu a kan shidan.

Ranka ya daɗe, dole in faɗi gaskiya cewa zuwanku na farko bai yi mini daɗi ba. Na sa ran ganin takarda mai hotunan na'urori, sai ga ma'aikatanku da tef ɗin awo da ma'aunin zafi da ma'aunin laima, suna tambayar inda tagogi suka fuskanta, da irin rufin da ke kan ginin, da yawan mutanen da ke zama a lokaci guda, da adadin kwamfutocin da ke kunne. Kwana uku suka yi suna dawowa a lokuta daban-daban na yini, har na fara zargin ana jan aiki ne kawai. A rana ta biyu, wajen ƙarfe huɗu na yamma, Injiniya ya kama hannuna ya ɗora tafina a bangon yamma ta ciki, sannan ya sa na hau tsani na taɓa silin. Duka biyun sun yi zafi kamar murfin tukunya. Ya ce kafin a yi maganar ƙarfin na'ura sai an san ta ina zafi yake shigowa, ya kuma ƙara da cewa mutum ɗaya da ke zaune shiru yana fitar da zafin da ya kai wat 100, saboda haka masu karatu sittin su kaɗai sun kusa cinye aikin na'urori biyu masu ƙarfin BTU 12,000, wato kimanin kilowat 3.5 kowacce. Shawararku ta farko ba ta shafi na'ura ba sam: a shafa wa kwanon rufi farin fenti, a shimfiɗa abin tare zafi a bayan silin, a yi wa tagogin yamma rumfa ta waje.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne bayaninku a kan cewa zafi iri biyu ne. Akwai busasshen zafi, wanda ma'aunin zafi yake nunawa, akwai kuma zafin da ke ɓuya a cikin laimar iska, wanda yake hana gumi bushewa a jiki. Na'ura tana cire laima ne kawai idan ta daɗe tana aiki, har tururin ruwan da ke cikin iska ya taru a kan bututunta masu sanyi ya ɗiga ya fita waje. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki kuwa cikin 'yan mintuna take sauke zafin ta tsaya, ta bar laimar a inda take, kuma wannan tashi da tsayawa yana gajiyar da kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyaya a cikin na'ura, yana kuma cin wuta. Ashe girman da muke taƙama da shi, shi ne yake ruɓar mana da littattafai. A nan ne Injiniya ya tuna mana cewa lokacin da Willis Carrier ya ƙirƙiri tsarinsa a shekarar 1902 domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, laima ce matsalar da aka kira shi ya warware, domin ita ce take sa takarda ta miƙe ko ta tsuke har launuka su ƙi hawa daidai. Na yi murmushi da na ji cewa tun asali takarda ce ta jawo wannan sana'a, ga shi kuma ta sake haɗa mu da ku. A ƙarshe kun cire shidan kun kafa huɗu masu inbata, waɗanda kwamfiresarsu take rage gudu maimakon ta tsaya, sannan kuka ware wa sashen tsofaffin littattafai ƙaramar na'urar busar da iska, domin laimar ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Kamfanin da aka kira domin ya ƙara kaya ya rage su, wannan kaɗai ya isa a rubuta masa wasiƙa.

Game da mutuwar na'urori da rana tsaka kuwa, kun nuna mana amsar a rubuce a jikinsu. A kan ƙaramin allon bayanan da ke maƙale a injin waje akwai alamar T1, wadda ke nufin an auna ƙarfin na'urar ne a zafin digiri 35, alhali masu alamar T3, waɗanda aka ƙera domin ƙasashe masu tsananin zafi, a digiri 46 ake auna su. Shekaru muna wucewa ta gaban wannan allo ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya karanta shi. Bugu da ƙari, an jera injinan wajen ne a wani siririn lungu da ke bangon yamma, rana tana dukansu, kowanne kuma yana hura wa ɗan'uwansa iska mai zafi. Kun yi mana bayani cewa na'ura ba ta ƙera sanyi, kwashe zafin ɗaki take yi ta zubar a waje, don haka idan wajen da za ta zubar ɗin ya toshe da zafi babu yadda za ta yi. Kun mayar da su gefen da inuwa ta fi daɗewa, kun ɗaga su daga ƙasa a kan ƙarafa saboda ƙura da ruwan sama, kun bar tazara tsakaninsu da bango, rumfar da kuka yi musu kuma a buɗe take ta kowane gefe. A bazarar da ta wuce ko ɗaya ba ta tsaya ba.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitinmu ya kawo shawarar na'urar da ke sanyaya iska ta hanyar ratsa jiƙaƙƙen soso, saboda ƙarancin cin wutarta. Ba ku yi watsi da maganarsa ba. Kun ce a busasshen yanayi tana aiki ƙwarai, amma da yake laima take ƙarawa, da zarar damina ta kankama sai ta zama abokiyar gabar littattafai. A cikin wannan hira ne na fahimci cewa kowane yanayi da nasa sharaɗin: a bakin teku gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfen injin waje, don haka sai an sayi wanda aka yi wa shafe na kariya daga tsatsa, a ƙasashe masu sanyi kuma irin wannan na'ura ce ake juya aikinta ta riƙa jawo zafi daga waje tana ɗumama ɗaki.

Inda nake ganin kun fi yi mana rana shi ne batun shigar iska da fitarta, domin wannan ko a mafarki ba mu san matsala ce ba. Mun daɗe muna ganin ɗalibai suna gyangyaɗi da ciwon kai bayan awa biyu a zaure, muna ɗora laifin a kan lalaci ko daɗin sanyi. Kun gaya mana cewa na'urar da ake maƙalawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska ko kaɗan, iskar ɗakin ce take zuƙa ta sanyaya ta mayar, mu kuma saboda tattalin sanyi mun toshe kowace taga da kowace kafa. Injiniya ya fito da wani ƙaramin ma'auni mai girman wayar hannu ya fara da waje, inda iskar kabon dayoksaid take kusan 420 cikin miliyan, sannan ya ajiye shi a kan teburin tsakiya da zaure ya cika. Muna tsaye muna kallon lambar tana hawa har ta wuce 1,000, matakin da aka saba ɗauka a matsayin alamar cewa iskar ɗaki ba ta sabuntawa yadda ya kamata, kuma ba ta tsaya a nan ba. Babu wanda ya sake musu bayan wannan. Kun kafa fankar da ke shigo da iskar waje ta cikin matata, da wata mai fitar da tsohuwa ta sama, kuka kuma raba hanyar fitar iskar bayan gida da ta zaure. Abin da ya fi burge ni shi ne kun rubuta mana tsarin amfani da su gwargwadon lokaci. Lokacin da dare yake sanyi kuma iska a bushe take, a buɗe tagogin sama da asuba domin ginin ya huce kafin a kunna komai. Da damina a bar tagogi a rufe, sabuwar iskar ta bi ta gaban na'ura ta zubar da laimarta. Idan hazo ya sauka kuma, a wanke matata kowane mako, domin matatar da ƙura ta toshe tana shaƙe na'ura har ƙanƙara ta taru a cikinta. Tsoffin magina na birnin Yazd a Iran, waɗanda suka gina hasumiyoyin kama iska tun ƙarnoni da suka wuce, da sun ga wannan takarda da sun gane yarenta.

Ban san aikin hannu sosai ba, amma na tsaya na ga yadda matasanku suka yi shi. Ba su saki gas a cikin bututu ba sai da suka haɗa famfon zuƙe iska suka jira allurar ma'auni ta tsaya cak. Sun naɗe kowane bututu da soso har ƙarshensa domin kada ya yi gumi ya ɓata bango, ƙaramin cikinsu kuma ya hau tsani da gorar ruwa ya tsiyaya a farantin kowace na'ura, ya aika abokinsa waje ya tabbatar ruwan ya fita ta inda ya dace. Gas ɗin tsoffin na'urorin, R-410A, ba su sake shi a iska ba, a cikin silinda suka tara shi suka tafi da shi. Sabbin suna amfani da R-32, wanda tasirinsa wajen ɗumamar duniya kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wancan, ko da yake kun gargaɗe mu cewa yana iya kama wuta, don haka kada mu bar kowane mai gyara ya taɓa shi. Na ji daɗin ganin cewa abin da ƙasashe suka amince da shi a Kigali a shekarar 2016, na rage irin waɗannan gas a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ya iso har bayan ɗakin karatunmu ta hannun mutanen da babu mai sa musu ido.

Sauran aikin namu ne, kuma shi ne ya fi wuya, wato raba ma'aikatanmu da ɗabi'ar danna rimot zuwa digiri 16. Kun fahimtar da su cewa wannan ba ya ƙara wa na'ura ƙarfin da ba ta da shi, sai dai ya hana ta hutawa. Yanzu muna barin su tsakanin 24 da 26 tare da fankar silin, kuma na gano ba mu kaɗai ba ne a wannan ra'ayi, domin Indiya ta wajabta cewa daga shekarar 2020 sabbin na'urorin ɗaki su fito daga masana'anta a kan digiri 24, Japan kuma a 2005 ta fara kiran ofisoshi su tsaya a 28. Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga kimanin biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da shekarar 2050, kuma idan na tuna yadda aka kafa shidanmu na farko sai in ji tsoron yawan wutar da za ta tafi a banza.

Ma'aunin laimar da kuka bar mana yana nan rataye a sashen tsofaffin littattafai, kuma mai kula da sashen yana rubuta abin da ya nuna safe da yamma a littafin da kuka ja masa layi. Kundin jaridun nan ya bushe, tabon da ke jikinsa bai ƙaru ba. Kwamiti ya umarce ni in miƙa godiyarsa gare ku, Ranka ya daɗe, da Babban Injiniya, da matasan da suka sha rana a kan tsani, tare da tunatar da ku alkawarin zuwa wanke injinan waje da duba magudanan ruwa kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa sana'arku albarka.

Naku,
Sakataren kwamitin kula da ɗakin karatu