Sanarwa Kan Hutun Gandhi Jayanti

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai mazauna Delhi, da fatan muna lafiya.

Ranar 2 ga Oktoba hutu ne a duk faɗin Indiya, domin tunawa da haihuwar Mahatma Gandhi a 1869, mutumin da ya ja ragamar neman ƴanci daga Turawan Ingila ba tare da ɗaukar makami ba. Bankuna da ofisoshin gwamnati ba za su buɗe ba, don haka mai harkar kuɗi ko takardun zama ya gama tun da wuri.

Bayan sallar azahar za mu ziyarci Raj Ghat, wurin tunawa da Gandhi da ke nan Delhi, tunda da safe shugabanni ke zuwa, tsaro yakan yi tsanani. Kowa ya riƙo katin makarantarsa. Mai zuwa ya rubuta sunansa a nan kafin jajiberin ranar.

Allah ya bar zumunci.